Wuyan Kunkuru

Cima ta zo shagona da kwando a kai,
ta kife shi gaban tebur, ta ce, "Baba, ga bayana.
Ranar Asabar ni ce kunkuru a wasan lakwal.
Madam ta ce in yi wuya da safa da kara,
ni kuwa so nake kan ya fito da kansa,
in kura ta matso, ya koma."

Shekara ashirin da biyu ina gyaran rediyo bakin Kasuwar Dole,
ba wanda ya taɓa kawo mini kunkuru.

Na tona kwalin matattu ƙarƙashin benci,
na ciro tsohon bidiyo da wani direba ya manta,
irin mai turo faifai ya sake haɗiyewa.
Injin cikinsa bai fi ɗan goro ba.
Na taɓa masa batir, ya yi gurnani, ya juya dama.
Na sauya wayoyi, ja inda baƙa take,
ya juya hagu ba gardama.
Ta ce, "Shi ke nan?"
Shi ke nan, sai dai ba za ki zauna gaban jama'a
kina kwance waya kina ɗaurawa ba.

Sai makunni mai ƙafa shida,
dala sittin wajen Lawali, bayan dogon ciniki.
Biyun tsakiya na injin ne,
biyun sama su sha daga batir,
biyun ƙasa kuwa a gicciye za a kai musu,
waya ta haye waya
kamar igiyar kaya bisa amalanke.

Kuran ya tafi da la'asar, yadda ya saba.
Na aro garwashi wajen mai shayi,
na kwantar da ƙarfen dalma a ciki,
Cima na fifita da murfin kwali.
Hannuna ya yi rawa,
ɗigo guda ya haɗa ƙafa biyu da bai kamata su gaisa ba.
Batir ya ɗau zafi kamar dutsen Birni da azahar,
na fizge waya, na busa yatsa,
ta yi dariya har da hawaye.
Na kankare, na sake.

Bayan isha, tocila a bakina,
kan safa mai idon maɓalli ya fito sannu,
ya leƙa shagon kamar mai neman bashi.
Ta danna ƙasa, ya koma.
Sama, ƙasa, sama, ƙasa,
har haƙoran roba suka fara kuka, ƙar-ƙar-ƙar.
Na riƙe yatsarta.
Na ce akwai tsakiya, Cima.
Tsakanin fita da komawa akwai inda komai ke shiru.
Tsaya nan, ƙirga ɗaya, biyu, sannan ki juya.
Abin da ke gudu, in an ce ya koma nan take,
haƙori yake zubarwa.

Na faɗa, sai maganar ta juyo kaina.
Ranar da Mutari ƙanena ya ɗaure jaka zai tafi Jado,
har tasha na bi shi da tsawa,
gaban kwandasta, gaban masu sai da ruwa:
ka koma gida, na ce ka koma!
Shekara shida ke nan.
Wayarsa tana shiga, ba ya ɗauka.

Asabar, tsakar lakwal, tabarmi da kujerun aro.
Kura ta zo da zaren buhu a wuya, ta buɗe baki,
sai aka ji murya daga ƙarƙashin kwando:
"Ɗaya... biyu..."
Kura ta tsaya tana jira, ba ta san abin yi ba,
iyaye suka kwashe da dariya,
kan ya shige sannu, da mutuncinsa.

Da dare na zauna bakin shago,
hoton kunkuru a wayata, ƙafar Cima na leƙowa gefe.
Na tura wa Mutari.
Ban rubuta komai ƙarƙashinsa ba.